Bututu a Gonar Dalhatu

Ranar Asabar da hantsi Malam Alu ya lura babu turke a gonar da yake nomawa.

Ma'aikatan da ke gina sabuwar hanyar ruwa, wadda kowa a Unguwar Kanya yake kira kanal, sun bi gefen gonaki suna kafa turaku. Duk gonar da za a bar wa bututu sai su kafa mata turke mai jan fenti a kai. Maƙwabcinsa na gabas yana da shi, na yamma ma haka. Alu ya bi iyakar sau biyu yana tura ciyawa da ƙafa, ko shanu ne suka ture shi. Ko rami bai gani ba.

Shekara ashirin da bakwai ke nan yana noman rani a wurin, da ruwan rafin da ya raba ƙauyensu, a ƙasar Rano, da ƙasar Kibiya. Da jigo ya fara, daga baya ya sayi inji. Bana gwamnati ta tare rafin daga can sama, ta juya ruwan cikin kanal don ya kai gonakin da ba su taɓa ganin ruwan rani ba. An tara su a ƙofar gidan dagaci an yi musu bayani: rafi zai ƙafe da rani, ba a yarda kowa ya sa inji a kanal ba, amma kowace gona za ta sami bututunta. Alu ya ji ya gamsu. Ya yafa irin albasa a bayan gida yana ba shi ruwan rijiya, ga shi irin ya kusa isa dashe.

Shugaban leburori ya gaya masa kankare zai iso gabansa ranar Alhamis. Ya kuma ce in an zuba an zuba, babu mai fasa shi don gona ɗaya.

Alu ya sami Khalid, saurayin da ke riƙe da rajista, a ƙarƙashin mangwaro yana fifita da wani fom. Khalid ya tashi ya ba shi benci, suka gaisa, sannan ya buɗe littafin yana bin layi da yatsa.

"Baba, ai ni na rubuta ka da hannuna. Na ce gonar wa ce, ka ce ta Sadisu Dalhatu ce."

"Tasa ce."

"To, Sadisu yana da bututu a gonarsa ta sama. Suna ɗaya, bututu ɗaya."

Ya yi masa bayanin cewa an yi dokar ne saboda masu hannu da shuni, kada mutum ɗaya ya saye gonaki goma ya kwashe ruwan gari. Alu ya gyaɗa kai, don shi ma ya ga doka ce mai kyau. Abin da bai gane ba shi ne yadda ta faɗo a kansa.

Sai ya ba Khalid labarin daga farko. Gonarsa ta gado tana hayin rafi, a ɓangaren Kibiya. Marigayi Dalhatu, mahaifin Sadisu, a hayin yake zaune a lokacin, amma tasa gonar tana wannan ɓangaren. Da damina rafi kan cika ya yi kwana huɗu ba a ƙetarawa. Wata shekara ciyawa ta cinye geronsu duka biyu, kowa yana tsaye a bakin ruwa yana hangen gonarsa. Da kaka suka zauna a gaban mai unguwa suka yi musaya: kowa ya noma wadda ke kusa da gidansa, ƙasa kuwa tana nan ta mai ita. Ba a rubuta ba. Goro aka raba aka shafa fatiha.

Khalid ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya fom ɗin ya nuna masa gidaje uku: gado, saye, haya. Ya tambaye shi wanne ne a ciki. Alu ya ce babu. Khalid ya rage murya ya ce in Baba ya yarda sai ya rubuta saye a wuce wurin, tunda babu mai tambaya.

"Ban saya ba," in ji Alu.

"Na sani, Baba. Takarda ce kawai."

"Takardar ita za ta daɗe ta bar ni."

Khalid ya sosa ƙeya da biro. Ya ce shi iyakarsa ke nan, sai dai Baba ya je ofishin aikin a Rano ranar Litinin.

Ranar Lahadi Alu ya je wurin Sadisu. Sadisu ya daɗe da dawowa wannan ɓangaren, ya sayi gona a sama, kuma tuni an zuba kankare a gabansa da bututunsa a ciki. Da ya ji abin da ya faru sai ya sunkuyar da kai. Ya ce shi da Khalid ya tambaye shi, cewa ya yi Baffa Alu ne ke nomawa, bai san za a dubi wanda ya mallaka ba. Ya ce da bututunsa yana ciruwa da ya ciro. Sannan ya ce Baffa ya je ya ce tasa ce, shi ya yafe.

Alu ya ce a'a. Ya ce lokacin da suka yi musaya da Dalhatu gonakin biyu daidai suke, yanzu kuwa ɗaya tana bakin kanal ɗaya tana bakin yashi. In ya karɓa yau, ranar da ya haɗu da Dalhatu me zai ce masa? Sadisu ya ce Allah ya jiƙan Baba, ya tura masa kwanon fura. Alu ya lura bai sake maimaita tayin ba. Bai ga laifinsa ba, amma ya lura.

Ofishin Rano ɗaki biyu ne da baranda. Injiniya ya fita duba aiki, sai wani mutum mai tabarau da ke zaune gaban kwamfuta. A bango an manna babbar taswira, an ja kanal da shuɗin layi, gonaki an yanka su ƙanana-ƙanana da lambobi. Alu ya tsaya yana neman kanyar da ke tsakiyar gonar, bai ganta ba. Babu bishiya ko ɗaya a taswirar.

Mai tabarau ya tambayi cikakken sunansa, ya buga, ya jira, ya sake bugawa. Ya ce sunan yana nan, amma ba a jerin Rano ba, a jerin Kibiya yake, don da rafi aka raba jerin. Alu ya ce shi mutumin Rano ne, nan aka haife shi, nan yake jefa ƙuri'a. Mutumin ya ce ba a musu, amma jerin ba na mutane ba ne, na gonaki ne. Alu ya ce to ai gonar da yake magana a kanta tana Rano. Mutumin ya ce wannan kuma ta Sadisu ce, Sadisu kuwa an sallame shi. Suka dubi juna. Mai tabarau ya cire tabaran ya goge da bakin riga, ya ce gaskiya bai taɓa cin karo da irin wannan ba, amma Malam ya gwada Kibiya, watakila su suna da yadda suke yi.

Talata da sassafe Alu ya hau acaɓa zuwa Kibiya. A can aka karɓe shi da fara'a. Wata mata mai lulluɓi ruwan toka ta buɗe fayil, ta sami sunansa nan da nan, ta ce masa barka, yana cikin waɗanda za a ba bututu. Alu ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya tambaya ko za a kafa turken kafin Alhamis. Ta ce wace Alhamis? Gonarsa ta hayi tana cikin kashi na biyu na aikin, lokacin da za a ƙetarar da kanal zuwa ɓangarensu. Ya ce yaushe ke nan. Ta ce sai an sa hannu daga sama, ita ma ba ta sani ba, amma ya gode wa Allah yana ciki, da yawa ba su samu ba.

Sai Alu ya tambaya a hankali ko za a iya ɗauko masa wannan bututun nasa a ƙetarar da shi rafi, tunda tafiyar ba ta kai kiran sallah ba. Matar ta yi murmushi, ba na raini ba.

"Baba, bututu gona yake bi, ba mutum ba."

"A wurinmu an ce suna yake bi."

"Shi ma haka ne," ta ce, ta rufe fayil ɗin.

A hanyar dawowa ɗan acaɓa yana ta ba shi labarin tsadar taki, Alu bai ji rabi ba. Yana ta juya abin a ransa. Yana da bututu a inda babu ruwa. Inda ruwa zai bi kuma akwai gona, akwai mai noma, akwai iri, amma babu suna. Ya nemi inda ya yi kuskure bai samu ba. An tambaye shi, ya faɗi gaskiya. Da an sake tambayarsa, abin da zai sake faɗa ke nan.

Ya isa gida bayan la'asar ya tarar matarsa Barira ta ba irin ruwa da kanta. Ganyen ya yi tsawo har ya fara kwanciya. Ta kawo masa ruwa ya sha, ta zauna a bakin tabarma tana tsince wake yana ba ta labari. Ba ta katse shi ba sai da ya kai ƙarshe.

"Malam, shi Dalhatu ɗa ɗaya ya bari?"

Alu ya dube ta.

"Ita Sadiqa fa? Ni na yi mata wankan jariri. Ko mace ba ta da suna a littafin nasu?"

Sadiqa ƙanwar Sadisu ce, tana aure a Nariya. Tun da Dalhatu ya rasu ba a raba gonar ba, don tana hannun Alu, kuma babu wanda ya iya buɗe baki ya ta da maganar. Alu ya zauna yana lissafa abin da zuciya ɗaya. Namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. In an ce gonar Sadiqa ce, ba a yi ƙarya ba. Ba a kuma faɗi gaskiya duka ba. Ya ce wa Barira bai san ko ya halatta ba. Ta ce ita ba malama ba ce, abin da ta sani shi ne irin nan ba zai kai wani mako ba.

Laraba da safe ya kai wa Khalid maganar. Khalid ya duba rajista daga farko har ƙarshe, babu Sadiqa Dalhatu. Fuskarsa ta washe. Ya ce wannan ya shiga gidan gado sarai, abin da ake buƙata katinta na ɗan ƙasa, da yatsanta, da yardar yayanta. Ya ce zai bi su da kansa don a gama yau.

Sadisu ne ya ɗan ja. Ya ce shi ba ya ƙin ƙanwarsa da komai, haƙƙinta ne. Sai dai mijinta Amiru, mai sayen albasa yana kaiwa kudu, mutum ne mai ido. Alu ya tambaye shi me yake nufi. Ya ce babu komai, mutumin kirki ne, yana dai da ido. Ya shiga gida ya sako hula.

Da babura biyu suka tafi. Sun ƙetare rafin ta kan yashi, ko tayar ba ta jiƙe ba. Suka wuce ta gefen gonar Alu ta gado, karan dawar Sadisu na tsaye a ciki. Alu ya kalle ta kamar gonar wani.

Sadiqa ta fito soro da goyo, ta durƙusa ta gaida Baffa, ta tambayi Inna Barira da ƙafarta. Da Sadisu ya gama bayani sai ta rufe baki da mayafi tana dariya.

"Ashe ina da gona, Baffa? Shekara nawa ina sayen albasar miya."

"Da ke da yayanki," in ji Alu.

"Yaya kam ya iya ɓoye dukiya."

Sadisu ya ce ta yi masa shiru, ita da ko fartanya ba ta iya riƙewa ba. Ta ce ai yanzu za ta koya.

Amiru ya shigo ana cikin haka. Dogo ne, mai sanyin murya. Ya gaida Alu har ƙasa, ya sa aka kawo lemo da ruwan sanyi, ya ce wannan ai abin alheri ne, Baffa uba ne, ko ba a zo ba an isa a sa sunan. Sannan ya karɓi fom ɗin daga hannun Khalid ya karanta shi a tsanake, gaba da baya. Ya tambaya ko gonar tana manne da kanal ne ko akwai wata a tsakani. Aka ce manne take. Ya tambaya fangali nawa take ci. Alu ya faɗa masa. Ya ce ma sha Allah.

Kafin Sadiqa ta dangwala yatsa, Alu ya ɗaga hannu. Ya ce wa Khalid ya rubuta cewa kashi ɗaya cikin uku ne nata, biyu na Sadisu, kuma gonar tana hannun Alu bisa musaya. Khalid ya duba fom ɗin, ya juya bayansa, ya ce babu wurin da zai sa wannan. Gidan mai gona ɗaya ne, layinsa ma ɗaya. Alu ya ce ya rubuta a gefe. Khalid ya ce in aka ga rubutu a gefe za a dawo da takardar, kuma gobe Alhamis.

Sadisu yana kallon ƙasa. Amiru ya ce ai duk gida ne, mene ne na rubutu tsakanin ɗa da uba. Sadiqa ta dubi Alu da yatsa a kan tawada tana jira.

"Sa," in ji Alu.

Washegari tun kafin rana ta yi zafi leburori suka iso da injin kwaɓa siminti. Khalid ya nuna wa shugabansu takarda, aka kawo bututu baƙi mai kaurin cinya, aka kwantar da shi a kusurwar gabas, aka zuba kankare a kansa. Kafin ya bushe wani lebura ya tsuguna da ƙusa ya rubuta lambar gonar da sunan Sadiqa Dalhatu. Maƙwabta suka zo suna yi wa Alu barka. Na yamma ya ce ashe Malam ya san hanya, su suna ganinsa shiru-shiru. Alu ya amsa barkar, bai san ko tasa ce ba.

Kwana tara aka yi kafin a sako ruwa. Barira ta rage wa irin ganye don kada ya lalace, duk da haka kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Ranar da ruwan ya zo, ya zo da kumfa da karmami, yara suna binsa da gudu a gefen kanal. Alu ya cire tsumman da ya toshe bakin bututu. Ruwan ya yi tari sau biyu, sannan ya fito da ƙarfi, ya bi ƙaramar hanyar da ya gyara, ya shiga fangali na farko. Ƙasar ta yi ta sha tana ƙara. Ya tsaya da fartanya a hannu yana kallo har ya cika, ya toshe, ya fasa na biyu.

Yana kan na biyar ya ji tsayuwar babur a bakin hanya. Amiru ne, da farar shadda da ƙullin goro. Ya ce ya zo Rano ne wajen wani aiki, ya ga bai kamata ya wuce bai yi wa Baffa barka da ruwa ba. Ya ce Sadiqa tana gaisuwa. Alu ya karɓi goron ya yi godiya, ya ce a gaida ta da yara.

Amiru bai tafi ba. Ya tattare bakin rigarsa, ya je ya tsaya a kan bututun ya karanta rubutun. Daga nan ya bi iyakar gabas a hankali har ƙarshe, ya juya ta kudu, ya kewayo ta yamma, hannayensa a baya. A wurin kanya ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza. Alu yana binsa da ido, ruwa kuma yana cika fangali.

Da ya dawo sai ya karkaɗe hannu ya ce ƙasa ce mai kyau, Baffa ya riƙe ta da amana, Allah ya saka. Ya ce albasar bana in ta yi, kada Baffa ya kai wa kowa, shi zai ɗauka. Alu ya ce to.

"Baɗi fa, Baffa, me kake ganin ya kamata a sa wa gonar?"

Alu bai san ko tambayar mai saye ce ba, ko ta suruki, ko ta mai gona. Fuskar Amiru ba ta nuna komai ba sai ladabi. Ruwa ya cika fangalin ya fara tsallake bakinsa yana jiƙa wa Amiru takalmi.

"Matsa kaɗan," Alu ya ce.

Amiru ya ja da baya taku ɗaya. Alu ya sunkuya ya toshe na biyar, ya fasa na shida.